Firmin da Layin da Ya Ƙi Rage Gudu

"To ka tsayar da shi mana," in ji Selwin. "Ga wurin nan, dannawa ɗaya ce. Baturen nan ba zai ji haushi ba, bai ma san an haife ka ba."

"Bar shi ya gama," in ji Firmin, bai ɗauke ido daga kwamfutar ba.

"Ya gama me? Kai da bakinka ka ce kalmar ta wuce ka."

"Ta wuce. In ya kai ƙarshe sai in koma farko in tare ta."

Selwin ya ajiye ƙullin gyaɗarsa a kan gwangwanin fenti, ya ɗaga kai ya dubi rufin kwano kamar mai neman shaida. "Haba tawi. Yayata ta auri mutumin da yake jin kunyar bidiyo. Me zan je in gaya wa mutanen gida?"

Tawi suke kiran juna, yadda kowa a Luganville yake kiran ɗan'uwan matarsa ko mijin 'yar'uwarsa, kuma tun ranar ɗaurin auren Selwin bai bar Firmin ya sha iska ba. Firmin ba mai ramawa ba ne. Murmushi yake yi ya ci gaba da abin da ke gabansa. Abin da ke gabansa yanzu wani saurayi ne a can wata ƙasa mai sanyi, da hular ulu a kansa, yana koyar da yadda ake sa zane ya motsa a kwamfuta, yana ta zuba Turanci ba ko numfasawa.

Firmin Tabisal mai rubutun alluna ne. Yawancin sunayen da ke goshin kantunan babban titi hannunsa ne, haka na jikin ƙananan motocin haya da kwale-kwalen masunta. A tsakiyar tsibirin Pentecost aka haife shi. Ya yi makarantar mishan inda ake koyarwa da Faransanci, bai yi nisa ba ya bari, ya hau jirgin dakon kwakwa ya zo nan tsibirin Santo yana saurayi. Yana da harshen ƙauyensu, yana da Bislama ta kasuwa, yana da Faransancin da ya ishe shi coci da gaisuwa. Turanci kuwa iyakarsa abin da za a miƙo masa a takarda ya kwafa. Ya rubuta kalmomin Turanci ba iyaka da haruffa masu tsawon kamu, bai taɓa tambayar me suke nufi ba. Sai da furfura ta fara leƙo masa sannan ya shiga farautarsu ɗaya bayan ɗaya.

Kaguwa ce ta jawo.

A danginsu akwai wani zane da ake yi a yashi da yatsa ɗaya. Mai zanen zai fara jan layuka a tsaye da a kwance, sannan ya dasa yatsa ya bi ta tsakaninsu yana lanƙwasa, ba ya ɗagawa har ya dawo inda ya fara. Yana ɗauke hannu sai ka ga kaguwar tudu a gabanka, da ƙafafunta da komai. Yana ja yana ba da labarinta, yadda ta fito daga rami ta gangara teku don ta zubar da ƙwanta. Kawunsa Anatol ne ya koya masa, domin ta wajen uwa zanen yake bi, shi kuma Firmin 'ya'yan ƙanwarsa Odil zai koya wa. To 'ya'yan Odil ɗaya yana tuƙin tasi a Port Vila, ɗaya yana tsinkar inabi a Ostireliya, kuma rabon da su zauna a ƙasa kusa da dattijo tun suna 'yan ƙanana. Firmin ya zana kaguwar ya ɗauki hoto ya aika musu. Babban ya amsa, "Ta yi kyau, kawu. Ta ina ake farawa?"

Tambayar nan ta hana shi sakat. Hoto yana nuna kaguwa amma ba ya nuna hanya. Ya gwada ɗaukar bidiyon hannunsa, sai hannun ya rufe rabin layin, sauran kuma bai fito ba, yashi ne a kan yashi. Ana haka wata rana ya ga wata talla a waya inda layi yake zana kansa da kansa, ba hannu, ba alƙalami. Ya kalla har wayar ta yi zafi. Bayan 'yan watanni ya sayi tsohuwar kwamfuta wurin wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, mai shagon buga takardu ya sa masa manhajar, ya nuna masa inda masu koyarwa suke, ya ce, "Sai dai fa duk da Turanci suke yi."

Firmin ya koya yadda ya san ana koyo. Lokacin da yake yaro, in Kawu Anatol ya dasa yatsa a ƙasa ba mai tari, balle tambaya. Za ka zuba ido har ya kai ƙarshe, in wani abu ya kuɓuce maka sai ka ce, "Kawu, a sake," ya sake daga farko. Katse mai zane a tsakiyar layi rashin tarbiyya ne. Don haka Firmin yake zama gaban baturen, hannuwa a kan gwiwa, ya bar shi ya yi ta zuba har ƙarshe, sannan ya maimaita. Da haka ya kamo kalmarsa ta farko, path, wato hanyar da layi yake bi. Ya ji daɗinta, don shi ma hanya yake nema.

Da farko ya sha wuya da linzamin kwamfutar. Ya ɗauka dole ya danne shi ya ja kaguwar duka a tafiya ɗaya, in yatsa ya saki zane ya ɓaci. Teburin ya yi masa kaɗan, linzamin yana kaiwa baki ya faɗi, sai ya sauko da allon wani kanti da bai riga ya rubuta ba, ya shimfiɗa a ƙasa ya durƙusa yana ja a kai. Matarsa Roslin ta kawo masa laplap, tuwon ƙasarsu, da rana ta tarar da shi yana rarrafe, ta ajiye kwanon ta fita, sai a waje ya jiyo dariyarta. Daga baya ya lura masu koyarwar ba ja suke yi ba, ɗigo-ɗigo suke dasawa, kwamfuta ta haɗa. Sunan ɗigon anchor point. Selwin ya ce ai wannan ko yaro ya sani, anga ce irin ta jirgi. Firmin ya kwana biyu yana juya abin a ransa, ko ya halatta a ɗaga yatsa haka. Daga ƙarshe ya yanke cewa ɗigo-ɗigon nan kamar layukan farko ne da ake ja kafin a fara, tafiyar kanta kuwa ba za ta katse ba.

Duk kalmar da ya kamo sai ya rubuta ta a bangon rumfar aikinsa da ragowar fenti, don ba ya iya riƙe kalma sai ya ga ta fito daga bakin burushinsa. Masu kawo aiki sun ɗauka samfurin rubutu ne. Wani masunci ma ya nuna keyframe ya ce a sa wa kwale-kwalensa, sunan ya yi masa. Ita wannan kalmar ta fi ba Firmin wahala. Sai da ya kalli malamai daban-daban kafin ya gane turke ne ake kafawa a cikin lokaci. Ka ce wa na'ura a nan layi bai fara ba, ka matsa gaba ka ce a nan ya gama, ita kuma ta cike tsakanin. Ranar da ya fara ganin layin ya tashi ya zana kaguwar shi kaɗai, ya miƙe tsaye bai sani ba.

A daidai wannan lokacin Kawu Anatol ya iso daga Pentecost, an kawo shi asibiti a cire masa yanar ido. Da aka kwance masa bandeji ya dubi Firmin sama da ƙasa ya ce, "Ashe ka tsufa." Firmin bai taɓa gaya masa zancen kwamfutar ba. Ya bari sai da tsohon ya huta, ya ci gwaza, sannan ya kai shi rumfa ya zaunar da shi, ya danna.

Layin ya tashi, Kawu ya buɗe baki ya fara labarin kamar yadda ya saba. Bai fitar da kaguwar daga rami ba layin ya je teku ya dawo. Firmin ya yi sauri ya nesanta turakun biyu, ya sake dannawa. Yanzu layin yana jan jiki, amma da tafiya iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kan kwana da miƙaƙƙiyar hanya duk ɗaya.

Kawu ya bi layin da ido har ƙarshe. Sannan ya ce, "Hanyar daidai ce. Ba ka mance ba."

"Na gode, Kawu."

"Ban gama ba. Wannan abin yana tafiya kamar bai san kowa a hanya ba. Ina zan sa sunayen?"

Firmin ya sunkuyar da kai, don ya sani. Kaguwar ba wucewa kawai take yi ba. A bakin maɓuɓɓuga yatsa yana sassautawa a faɗi sunan maɓuɓɓugar da wanda ya fara sha a cikinta. A gindin bishiyar kakarsu ya kusa tsayawa. A kan baƙin dutsen da gaɓar danginsu ta ƙare yakan yi jinkiri sosai, a faɗi sunan dutsen a sake faɗa, sannan ya ruga cikin ruwa da gudu. Yaron da ya iya zanen ya san ƙasar gidansu ko bai taɓa taka ta ba.

"In babu wurin sunaye, ado ne kawai, irin na bangon otal," in ji Kawu. "Ba zan bari a aika wa 'ya'yan Odil ado ba. Kafin jirgin ruwan da zai mayar da ni gida ya tashi, in abin nan bai koyi tafiya ba, ka fitar mini da kaguwata daga ciki."

Abin da ya zaunar da Firmin gaban mai hular ulu ke nan tun safe, aikin mutane na jingine. Ya tabbata akwai yadda ake yi, don ya sha ganin ƙwallo a cikin darussan tana tahowa da gudu ta rage ta tsaya a hankali. Sai dai darasin Turanci ba ya fitowa sai ka kira shi da sunansa, shi kuwa sunan ne bai sani ba. Ya kira Selwin saboda ya yi makarantar Turanci kuma ya je tsinkar tuffa a Ostireliya har sau da dama.

"Rubuta slow," Selwin ya ce da farko, yana hura hanci. Suka rubuta, aka kawo musu yadda ake gyara kwamfuta mai nawa. Ya ba da wata kalmar, aka kawo birkin mota. Ya ba da ta uku, aka kawo wata mata tana koyar da numfashi.

"Tawi, wane irin Turanci ka koyo a can?"

"Na aiki. Tsani, kwando, yi sauri, an tashi. Ka taɓa jin mai gona ya ce wa ɗan ƙwadago ya rage gudu?"

Daga nan Firmin ya sake dabara. Ya daina neman kalmar, ya koma neman ƙwallon. Ya yi ta buɗe darussa yana zuba wa hannun malaman ido, har ya dace da mai hular ulu. A tsakiyar darasinsa ƙwallon ta rage gudu. Kafin ta rage, mutumin ya buɗe wani ɗan akwati ya taɓa wani abu ya faɗi wata kalma, duka a cikin ƙiftawar ido. Firmin ya kalla har ƙarshe, ya sake, ya kuma sakewa. Kullum wurin yana zuwa ya wuce kamar kifi a ruwa mai gudu.

Roslin ce ta leƙo, da kwandon kasuwa a hannu. "An fara lodin jirgi," in ji ta. "Sun ce gobe da hantsi. Kawu har ya ɗaure kayansa."

"Gobe? Ba sun ce sai bayan Lahadi ba?"

"Je ka tambaye su. Ni dai na ga ana hawa da buhunan shinkafa." Ta dubi ƙaninta. "Kai kuma ba ka da gida ne?"

"Ina koyar da mijinki Turanci, yaya."

"Allah ya jiƙan Turancin."

Da ta tafi Firmin ya mayar da darasin farko. Ya zuba ido har wurin ya kusato. Selwin ya ga hannunsa ya bar gwiwa ya nufi linzami, ya tsaya a sama, sai ya haɗiye abin da ya yi niyyar faɗa.

"Yi haƙuri, malam," in ji Firmin ƙasa-ƙasa, ya danna.

Baturen ya daskare, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe. Firmin ya kawar da kai, don bai kamata a ga malami a haka ba. Selwin kuwa ya riƙe ciki ya faɗa kan buhun tsumma. "Ka kashe shi! Tawi, ka kashe bawan Allah!"

Amma ɗan akwatin yana nan a buɗe, tsit, kamar allon da aka kafa a bakin titi. Firmin ya matso da fuskarsa ya bi haruffan da yatsa. Ba kalma ɗaya ba ce ma, biyu ne, ɗaya a kan ɗaya: ease in, ease out.

"Me ya sa biyu?"

"Ina na sani? Ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita."

Firmin ya saki malamin ya ɗan ci gaba, ya sake tsayar da shi, wannan karon bai ba da haƙuri da ƙarfi ba. Ya koma kan kaguwarsa ya gwada ta farko, ya gwada ta biyu. Ɗaya tana sa layi ya iso wuri a hankali, ɗaya tana sa shi ya bar wurin a hankali. Ya jingina da bango yana kallonsu.

"Ka ga mutanen nan," in ji shi. "Ashe su ma sun san isowa daban, tashi daban. Wa ya gaya musu?"

"Wataƙila su ma suna da kawu."

Sauran yinin Firmin bai taɓa burushi ba. Ya kafa turke a maɓuɓɓuga, ya kafa a gindin bishiya, ya kafa a kan dutse, kowanne ya sa masa isowa da tashi. Yana yi yana faɗin sunayen a hankali don ya ji ko sun samu wuri, in suna ya yi wa gurbinsa yawa sai ya ɗan matsar da turken. Selwin ya gaji ya tafi shan kava, abin shan da maza ke taruwa a kai. Da ya dawo wucewa da yamma ya tarar da shi yana magana da kwamfuta da harshen Pentecost.

Washegari Kawu Anatol ya zo rumfar da baƙin tabaran da asibiti suka ba shi, jakarsa a kafaɗa, Selwin na biye da kwalin kayansa. Ya ƙi kujera, ya tsuguna a ƙasa, don haka Firmin ya sauko da kwamfutar ya ajiye ta a gabansa. Tsohon ya cire tabarau. Firmin ya danna.

Layin ya fito daga rami a hankali, ya ɗauki hanya. Kawu ya fara. A maɓuɓɓuga layin ya sassauta, sunan ya shiga, na wanda ya fara sha ma ya shiga. A gindin bishiya ya jira shi. Suka iso dutse. Kawu ya faɗi sunan dutsen, ya sake faɗa, layin yana nan yana rarrafe a bakin ruwa, sannan ya ruga. Muryar tsohon da layin suka dawo rami tare.

Kawu ya miƙa tafin hannunsa ya shafi gilashin daga dama zuwa hagu, yadda kowane mai zane yake shafe yashi idan labari ya ƙare. Kaguwar tana nan. Ya sake shafawa da ƙarfi, ya dubi tafinsa, ya dubi Firmin.

"Ba ta goguwa?"

"Sai an rufe, Kawu."

"A'a. Ba a barin ta a kwance kowa ya tsallaka. In an gama ba da labari ana sallamar ta." Ya mayar da tabaransa, ya dafa kafaɗar Firmin ya miƙe. "Ta koyi tafiya. Ka aika wa yaran. Amma sai ka koya mata tafiya gida tukuna, ta goge daga wannan gefen zuwa wancan, kamar da hannu. Sunayen kuma kada ka rubuta su. Ka kira su a waya ka faɗa musu da baki, su maimaita kana ji."

"To, Kawu."

"Kai kuma mai gyaɗa, ɗauki kwalin nan, jirgi ba ya jiran surutu."

Selwin ya saɓa kwalin. A bakin ƙofa Firmin ya riƙo gefen rigarsa. "Tawi, yaya ake cewa a shafe abu da Turanci? Ba a kashe shi ba, a shafe shi a hankali, daga gefe."

"Ka sake ni, ni na yi ritaya. Je ka tambayi wanda ka kashe jiya."

Firmin ya tsaya yana kallonsu har suka sha kwanar kasuwa, tsohon a gaba yana ta duban komai da sabon idonsa. Daga tsallaken titi wani direba ya danna ham, ya leƙo ta taga yana nuna gefen motarsa da har yanzu ba suna. Firmin ya ɗaga masa hannu. Ya rufe kwamfutar ya lulluɓe ta da tsumma saboda ƙura, ya zaɓi burushi mai faɗi da ƙarami, ya ɗauki gwangwanin jan fenti, ya tsallaka titi.